Agogon da Ilarie Ya Tayar

Duk garinmu babu wanda bai san halin Ilarie Moga ba: ba ya iya ganin agogo a tsaye ya ƙyale. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ka tsince shi a kan kujerar mutane yana leƙa cikin agogon bango. Wani tsohon Bajamushe ne ya koya masa gyara tun yana saurayi, ya koya masa komai banda tambaya. Ya yi furfura a ɗan shagonsa na bayan coci, kayan kowa yana fita da lafiya, shi ya sa kansa ya kumbura.

Shekarar da aka kwashe tanti Saveta, wato inna Saveta, daga gidanta na kan tudu aka maido ta bene cikin gari, 'yar ƙanwarta Lenuta ta kawo masa agogon tsohuwar. Masu ɗaukar kaya sun fasa gilashin.

"Nea Ilarie, gilashi kaɗai," in ji ta, da "nea" ɗin da muke girmama dattijo da shi. "Kada ka taɓa komai."

"Ke za ki koya min aikina? Jeki ki tuƙa tuwon masararki."

Tana fita ya zare ɗan fil ɗin tsakiya, ya cire dogon hannu da gajere, ya ɗaga fuskar. Ƙananan ƙafafun nan masu haƙora da ke juya hannuwa duk tsohon mai ya daskare a kansu. Ya wanke, ya goge fuskar har tana ƙyalli, ya mayar da kowace ƙafa mazauninta, ya dasa hannuwan biyu a kan sha biyu yadda kowane mai gyara yake yi. Ya wana, ya ture ƙarfen lilon. Agogo ya kama tafiya.

A nan aka haife shi fa! Ya san in mutum ya cika a gida ana rufe madubi, a tsayar da agogo sai an dawo daga makabarta. Ya san Dorin, ɗan tanti Saveta tilo, a hannunta ya mutu da ciwon ƙirji. Abin da bai sani ba, don bai tambaya ba, ita ba ta sake tayar da nata ba tun ranar.

Da tsohuwar ta zo karɓa, a bakin ƙofa ta tsaya da sandarta, tana jin ƙas-ƙas ɗin.

"Ilarie, ɗana, wa ya ce ka tashe shi?"

"Tanti, ai kyauta na yi miki. Ji muryarsa, kamar ango."

"Ina hannuwan suke da aka kawo maka?"

Ya waiwaya ya dubi fuskar agogon.

"Kaina ya fara yoyo," ta ce. "Jiya sunan Lenuta ma ɓace min ya yi. Agogon nan ne yake riƙe min lokacin da yaron ya tafi. Ka mayar min yadda yake, zan aiko."

Ya kwana biyu yana juya fuskar agogon a hasken taga, ko hannuwan sun bar inuwarsu a kan fentin. Da sun bari, amma shi da kansa ya goge. Ya tambayi Lenuta, ta ce ita jaririya ce lokacin, kuma ita ba ta taɓa iya kallon agogon nan ba. Fada, limamin coci, ya ce su rana suke rubutawa, ba sa'a ba. Maƙwabtan da suka yi zaman makoki duk suna kwance kusa da Dorin.

Matarsa Rodica ta dangwarar masa da kwanon miyar kabeji. "Kai dai jaki ne mai tabarau. Saka hannuwan ko'ina mana, ka ce nan ne. Tsohuwar da ba ta san abin da ta ci da safe ba?"

"Ƙarya zan yi mata a kan gawar ɗanta?"

"Da ka tsoma hannu ba ka tuna gawa ba."

Yadda ta ce ɗin ya yi kuwa. Ya sake zare fil ɗin, ya dasa hannuwan inda zuciyarsa ta raya masa, ya tsayar da lilon. Bai jira aike ba, ya rungumi agogon ya kai da kansa.

Tanti Saveta na zaune a gindin matakalar bene tana shan rana. Ya durƙusa ya nuna mata.

"Ga shi, tanti. Na tuna. Nan suke."

Ta daɗe tana kallo, ta shafa sabon gilashin da yatsa.

"Ba nan ba ne, Ilarie."

Ya sunkuyar da kai.

"Na san ba nan ba ne, amma ka tambaye ni ina ne, ni ma ban sani ba. Bar shi haka. Hau da shi sama, a hankali, kada ya motsa."

Ya zura hannu cikin akwatin agogon ya damƙe ƙarfen lilon, ya fara hawa.