Keken Ɗinki a Tsakiyar Titi

Inna Tela ta riga kwalta zuwa layin nan. Lokacin da mijinta kafinta ya gina ɗakuna biyu da shago a gaba, hanyar ƙafa ce ta bi ta ƙofar gidan. Da ya rasu, ya bar mata 'ya'ya da keken ɗinki na ƙafa, kuma da keken ta riƙe su har kowa ya kama gabansa. Daga baya ta sayi na lantarki, ta lulluɓe tsohon da zane a lungu. Sayarwa kam ta ƙi. Cewa take ba a korar wanda aka sha wuya tare.

Wutar gidan daga falwayar tsallaken titi take zuwa. Wayar ta ratso sama, ta sauka kan wani bututun ƙarfe da aka ɗaure a bangon shagon, ta bi cikinsa zuwa mita. Shekara da shekaru ba mai ɗaga kai ya dube ta, sai da aka fara gine-gine a bayan unguwa, tifofin yashi suka mai da layin hanyar yanke. Sun tsinka wayar an ɗaure, sun sake an sake. A karo na uku tifa ta fizgo bututun ɗungurungum, har da ɓallin bango, wayar ta faɗi bakin ƙofa tana tartsatsi. Direban ko waiwaye.

Washegari ma'aikatan wuta suka zo da safe suka kashe layin daga falwaya. Suka ce za su biyo da la'asar; in bututun yana tsaye su haɗa, in ba ya tsaye sai wani makon.

Kafin su sha kwana autar Inna Tela ta iso, da manyan jakunkuna ba komai a ciki.

"Inna, ya isa haka. Jiya da kina bakin ƙofa fa? Ɗakinki na can gidana a gyare."

Inna Tela ta san ɗakin. A saman bene yake, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, ba mai leƙowa ya ce a rage masa wando.

"Ajiye jakunkunanki, Auta."

"In magariba ta yi ba wuta a gidan nan, ƙafata ƙafarki. Ba zan bar ki cikin duhu da idon nan naki ba."

"Na ji. In kuma akwai, ki koma ke kaɗai."

Mai gyaran wutar unguwa, wani gajere da ake tsokana da Dogo, ya dubi ramin bangon yana sosa ƙeya. Ya ce mayar da bututun inda yake ba wuya, yanzu-yanzu ya gama.

"Don su zo su sake ɗauka?" in ji Inna. "Ɗaga shi za ka yi. Ya wuce rufi."

"Inna, sai an kawo dogon bututu, a huda bakin kwano, a ɗaure da dogayen noti har su fita ta cikin shago. Kuma tsanina a kan titi zai tsaya. Tifa ɗaya ta zo, ni da wayar duk labari."

"Kai dai hau. Titi nawa ne yau."

Ta shiga ta yaye zanen tsohon keken, ta ɗiga masa mai. Ita da matar mai shagon kusa suka rirriƙo shi, suka dire a tsakiyar kwalta. Ta kawo kujera da tarin ɗinkin mutane, ta gyara tabarau, ta taka. Keken ya yi tari kamar wanda aka tasa daga barci, sannan ya kama waƙarsa ta da.

Auta ta rufe fuska. "Inna, mutane na kallo!"

"Su kalla. Kyauta ne."

Masu babur suna raɓawa ta gefe suna dariya. Dogo yana can sama yana huda, garin siminti na zubo masa a gira. Rana ta take sai ga tifa shaƙe da yashi, ta danno hon tun daga kwana. Inna Tela ba ta ɗaga kai ba. Motar ta matso har zafin injin ya daki ƙafarta, kafin ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Direban ya diro. "Baaba, lafiyarki kuwa? Titin gidanku ne?"

"Tun ba a haife ka ba nake share shi. Kai ne ka tafi da wayata jiya?"

"Mu da yawa ne fa."

"To kai na kama. Ka zagaya ta babban titi, ko ka jira."

Ya duba baya. Layin ya yi masa ƙunci, ba wurin juyawa. Ya yi faɗa, ya yi magiya, ya kira ta uwa, ya kira ta kaka. Ita dai tana taka kekenta. Da ya ɗaga hannu zai rantse, sai ta dube shi ta saman tabarau.

"Hammatar rigarka a yage take. Babba da kai. Tuɓe ka miƙo."

Layin ya ɗauki shewa. Direban ya tsaya sororo, sannan shi ma dariya ta ƙwace masa, ya tuɓe ya miƙa.

"Tunda kana nan," Dogo ya ƙwalo daga sama, "riƙe min tsanin nan, mai ƙiba!"

Haka ya riƙe, daga shi sai singileti, har bututun ya miƙe ya zarce rufi. Dogo ya kafa wa bututun hular da ke hana ruwa bin waya, ya toshe ramin kwanon, ya zura sabbin wayoyi zuwa mita. Auta, wadda ta zo kwashe kaya, ita ta ƙare a cikin shago tana riƙe da sufana Dogo yana ɗaure noti.

Inuwa ta fara tsawo, ma'aikatan wuta shiru. Inna Tela ta gama rigar, ta ɗauki wani ɗinkin, ta kasa zura zare a allura. Ba ta bari kowa ya gani ba. Can sai ga motarsu. Suka ja wayar ta miƙe, suka haɗa, ƙwan shagon ya kawo.

Sai a lokacin ta janye keken. "Wuce mu gani," ta ce wa direban. "A hankali."

Tifar ta bi ta ƙarƙashi, kowa ya ɗaga kai. Tsakanin tulin yashi da wayar, ko Dogo zai tsaya a miƙe.

Auta ta tattara jakunkunanta. Inna ta zare ɗaya daga hannunta, ta juya ta, ta ja bakin ta ji ƙwarinsa.

"Bar min wannan. Tsohon keken nan ya sha ƙura yau, riga zan ɗinka masa."