Layin da Odessa Ta Ƙi Gogewa

Shekara ashirin da shida Odessa Tillery tana buga takardar jana'iza a cocinsu da ke Greenwood, jihar Mississippi: hoton mamaci a gaba, tarihinsa a ciki, a raba a bakin ƙofa, kowa ya kai gida ya adana cikin Baibul. Ba mai gyara mata rubutu. Ko fasto ne ya kawo nasa, sai ta bi shi da jan biro.

Layi ɗaya ne take bugawa ido rufe: "bayan gajeriyar rashin lafiya". Mutanenta za su faɗa maka launin kwat ɗin da aka binne mutum da ita, da wadda ta soya kifi ranar makoki, amma abin da ya kashe shi, sai a ce ciwon ciki ne. Haka ta rubuta a takardar mahaifinta, alhali ita ta karɓi takardar asibiti, ta ga kansar hanji ɓaro-ɓaro. Cutar nan ta fi kwasar baƙar fata, kuma sau da yawa sai ta ci jiki ake gano ta. Odessa ba a littafi ta karanta ba, a hotunan da take mannawa ta gani.

Sai cutar ta ɗauke ƙaninta Cleophus yana da shekara arba'in da tara. Wurin zaman makoki, kafin ranar jana'iza, autansu Vernell, direban babbar mota, yana ba da labari yana dariya: ya je asibiti, an tambaye shi ko akwai mai cutar a danginsu, ya ce babu, aka ce to ya dawo gwajin hanji in ya cika arba'in da biyar. Saura shekara huɗu ke nan. Odessa ta ja shi gefe ta gaya masa gaskiya, ya ce ta cika ɗaga hankali, ai Mama ta ce gyambon ciki ne ya kashe su duka biyun.

To a garin nan, abin da Odessa ta buga ya fi takardar kotu ƙarfi. Ta zauna ta rubuta a takardar Cleophus: "Kansar hanji ce ta ɗauke shi, kamar mahaifinsa. Duk wanda ya haɗa jini da su, ya je a duba shi."

Mama ta gani kafin a raba, ranta ya ɓaci.

"Odessa, hanjin ɗana za ki baje a coci? Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

"Mama, na rufa wa Baba asiri, rufin ya ci Cleophus. Na buga ta mijinki, ga ta ɗanki. Ta Vernell kam, ba da hannuna ba."

Aka raba takardar da layin a ciki. Vernell ya karanta har sau biyu. Ran Litinin ya dire wa likita ita a kan tebur. Aka leƙa hanjinsa, aka yanke tsiro biyu tun ba su rikiɗe sun zama kansa ba.

Wata biyu Mama ba ta yi wa Odessa magana ba, abin kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai. Rannan bayan coci tsohuwar ta tsaya a ƙofar ofishinta, Vernell na riƙe mata da jaka.

"In kin zo buga tawa, sa hawan jinin, sa ciwon sugan, kada ki rage komai," in ji ta. "Shekaruna kaɗai na hana ki."