Tarin Umma da Motar Alhazai

Ina da shekara goma ko sha ɗaya aka kore mu daga gidan da muke haya a Karantina, wata unguwar baƙi a bakin teku a ƙasar Makka. Gida ne na katako da kwano, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa, ana shan ruwa a randa ɗaya. Mai gidan muna ce masa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Bahaushen Sudan ne, dattijo mai faɗin kafaɗa, shi ya yi wa Baba walicci lokacin da ya auri Umma.

Umma ta daɗe tana tari. Da farko an ce iskar teku ce, aka yi ta dafa mata citta da kanumfari. Sai ta soma ramewa, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Ranar da abin ya fito fili tana wanke shinkafa a bakin randa, tari ya sarƙe ta, ta tofar da jini a ƙasa a gaban matan gida. Kowacce ta ja ɗanta ta shige ɗaki.

Kafin azahar Kawu ya shigo da ’ya’yansa biyu, samari majiya ƙarfi. Baba yana gareji. Ba su yi sallama ba. Suka dinga watso kayanmu waje, tukwane, akwatin ƙarfe, tabarmi. Umma na kwance, suka fizge katifar daga ƙarƙashinta, ta mirgina ƙasa, suka ja katifar zuwa lungu suka zuba mata kananzir suka cinna wuta. Na kama hannun babban ɗan na gartsa masa cizo. Ya kwaɗa mini mari, bakina ya bugi dokin ƙofa, haƙorina na gaba ya gutsure. Ƙanwata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana zaune cikin kayan da aka watsar tana tsala kuka.

Wani ya kai wa Baba labari. Ya iso a guje, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya ya dubi hayaƙin katifa, ya dubi Umma tana rarrafe a bakin ƙofa.

“Kawu, da ka bari na dawo,” in ji shi.

“Halas, magana ta ƙare, ɗana. Akwai yara a gidan nan. Ɗauki matarka.”

Baba ya shaƙe babban ɗan ya haɗa shi da bango har kwanon ya lotsa. Ƙaramin ya ɗauko katako mai ƙusa ya sauke masa a ka daga baya. Na ji ƙarar kamar an fasa kwakwa. Baba ya durƙusa, jini ya rufe masa ido, suka hau shi da shuri har sai da maƙwabta maza suka janye su. Kawu na tsaye yana jan carbi, bai sa hannu ba, bai kuma hana ba.

Baba yana da wata tsohuwar motar alhazai da ya sayo a wurin ’yan gwangwan, doguwa mai jikin katako, fentinta ja da rawaya duk ya koɗe. Ya yi fiye da shekara yana gyaranta da niyyar ya riƙa kai mutane Madina. A ranar ya ɗaure kansa da mayafin Umma, ya je ya tuƙo ta har bakin lungu. Ya ɗauki Umma a kafaɗa ya kwantar da ita a kujerar baya, muka kwashe abin da ya saura. Babu gidan da zai karɓe mu, labari ya riga ya zaga unguwa.

A wani fili bayan gareji ya kwance kujerun, jini na ɗiga masa a kan sufana. Ya bar kujerar baya ya haɗa ta da wata, ta zama gadon Umma. Ya tsaga buhunan shinkafa ya yi labule tsakaninta da mu, ya ware mata kwanonta da kofinta, ya ba ta gwangwani mai murfi na tofi. Ni da ƙanwata muna kwana a ƙasa kusa da ƙofa, shi kuma a kujerar direba. Risho da garwar ruwa suna ƙarƙashin mota. Da rana ta take, rufin ya zama tanda. Aikina ne in jiƙa buhu in hau sama in shimfiɗa, in ya bushe in sake. Tafin ƙafata ya sha ƙuna a kwanon nan.

A asibiti an ce babu gado, amma za a riƙa yi mata allura, sai dai a kawo ta kullum da safe. Don haka Baba ya mayar da mu kusa da tashar Bab Makka, inda direbobi ke ajiye motoci, ya fi kusa da asibitin, kuma yana samun aikin gyara a wurinsu. Mun ɗan samu sauƙi a nan. Ina sayo burodi mai zafi da wake, Umma na ɗaga labule tana kallon masu sayar da atamfa. Amma tari ba ya ɓoyuwa a cikin akwatin katako. Aka fara zagaye motarmu daga nesa. Masu shayi suka daina ba Baba kofi.

Wata rana da hantsi wani direba, ƙato ɗan Makka da ke ɗaukar kansa shugaban wurin, ya zo da mutanensa ya ce mu tashi, fasinjoji na gudun tasha saboda mu. Baba ya roƙe shi da Larabci, ya ce a bari a gama allurar. Mutumin ya ce yalla, mu tashi yanzu. Wani daga baya ya jefo dutse, gilashin gaba ya tarwatse, ɓaraguzai suka zubo a kan ƙanwata tana barci. Da Baba ya ga jini a goshinta sai ya zaro ƙarfen da ake murzawa a tayar da mota. Ƙaton ya ɗaga hannu zai kare, ƙarfen ya sauka a damtsensa. Hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ya zube yana birgima a cikin ƙura. Baba ya sake ɗaga ƙarfen, da Umma ba ta kira shi daga cikin mota ba, da kan mutumin zai nufa. Askarawa suka zo suka tafi da shi, suna dukansa da sanda tun daga bakin mota har inda idona ya daina ganinsu.

Muka saura mu uku a cikin motar da babu mai tuƙa ta. Na cire wa ƙanwata gilashi daga goshi da yatsuna, na toshe ƙofa da akwatin ƙarfe. Umma ba ta samu allura ba a kwanakin, zazzaɓi ya dawo mata.

Washegari ko wanda ya biyo baya, bayan la’asar, ’yan’uwan direban suka zo. Na hango su ta tsagar katako, ɗaya na riƙe da garwar kananzir. Suka ce mu fito, motar za su ƙona, in mun ƙi fita ruwanmu. Mai garwar ya fara watsa kananzir a tayoyi da jikin katakon, warin ya cika mana hanci. Mutanen kasuwa sun taru suna kallo.

Umma ta ce in janye akwatin. Na ce a’a. Ta ce, “Janye, ki riƙe ƙanwarki, kada ki sauko.”

Ta sauka tana dafa ƙofa, babu mayafi, ƙashin wuyanta duk a waje. Ta tsaya ta yi tari, irin mai tsawon nan da ke naɗe ta biyu, ta tara a tafin hannunta. Sannan ta miƙe, ta buɗe hannun, jajawur, ta nufi mai garwar da shi. Ya ja baya. Ta bi shi. Ya ce mata ta tsaya, ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, amma ya kasa taɓa ta. Ta shafa masa jinin a gaban farar rigarsa, daga wuya zuwa ciki.

“Ka kai wa ’ya’yanka,” ta ce da Larabci, muryarta ƙasa-ƙasa. “Saura wa?”

Ya yar da garwar. Ya kama rigar yana ƙoƙarin cire ta ba tare da ta taɓa masa fuska ba, ya yage ta, ya gudu da singileti. Sauran suka watse, har ’yan kallo. Umma ta juyo, ta yi taku kaɗan ta faɗi a cikin kananzir. Ni kaɗai na ja ta zuwa matakala, babu wanda ya matso. Na wanke ta da ruwan garwa, na wanke tayoyin da ƙasa da toka, ina tsoron kada wani ya jefo ashana.

Dattawan tsohuwar unguwarmu ne suka shiga tsakani aka yi sulhu da dangin direban, da sharaɗin mu bar tashar. Aka saki Baba, ya dawo da kumburarren baki da haƙarƙari biyu a karye. Na ba shi labarin abin da Umma ta yi. Ya ɗaga labulen ya zauna a bakin gadonta, abin da likita ya hana, ya daɗe a wurin.

Ya tuƙa mu arewa, bayan gidajen ƙarshe na gari, inda babu kowa sai rairayi da bukkokin masunta. Motar babu gilashi, iska na dukan fuskarsa, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da kwiɓinsa. Nan muka kafa. Kowace safiya gidan gaba ɗaya ke tafiya asibiti, tukwane na kaɗawa, ruwa na zuba daga garwa, mu jira a bakin titi a yi mata allura mu koma. Masuntan ba su tambaye mu komai ba. Baba ya gyara musu injin kwalekwale, suna ba mu kifi.

Fushin bai bar Baba da wuri ba. Ya taɓa jifana da sufana don na bar risho ya mutu, ta wuce ta gefen kunnena ta huda buhun labule. Ya kan tsaya a bakin ruwa ya yi ta dukan tsohuwar taya da ƙarfe har ya gaji. Ban ƙara ganin ya yi dariya ba sai bayan shekara.

Allurar ta kashe wa Umma kunnen hagu, tana tafiya tana tangaɗi kamar wadda ta sauko daga jirgin ruwa, amma jinin ya tsaya. A hankali ta fara cin kifi da shinkafa, ta fara zagaya motar tana dafa jikinta, daga baya ta karɓe girki daga hannuna. Mun kusa shekara uku a cikin motar, har bayan da likita ya sallame ta, domin Baba ya rantse ba zai sake zama a ƙarƙashin rufin wani ba. Sai da ya samu aikin tuƙi a tashar jiragen ruwa, Umma ta matsa masa saboda karatuna, muka kama ɗaki a unguwar Aziziyya. Ta yi shekaru da yawa bayan haka, ta haifi ƙannena maza biyu, kuma duk wanda zai yi mata magana sai ya zagayo ta dama.