Gayyar Da Na Kira Da Sunan Mahaifina

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta wasiƙun mutane a wannan shafi ina cewa ni dai ba zan tona wa kaina asiri ba, amma abin da ya tsaya wa mutum a ƙirji ba ya narkewa don an ƙi faɗinsa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka sani sun sani, kuma yawancinsu ƙasa ta rufe idonsu.

A shekarun da kuɗin mai suka fara malalowa, lokacin naira tana sabuwa fil a hannun mutane, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, akawu a kamfanin wani Alhaji ɗan kwangila a Kaduna. Ɗan ƙauye ne ni, daga wani ɗan gari tsakanin Daudawa da Faskari, amma in ka gan ni da wando mai faɗin ƙafa da agogo da tabarau, sai ka rantse ban taɓa riƙe galma ba. Baki gare ni kamar reza, ga son a yaba mani. In maigida ya ce wa zai iya abu kaza, kafin ya rufe baki na ce ni. Mahaifina kuwa manomi ne, mutum mai shiru, wanda ba a taɓa kiran gayya a garinmu ko ƙauyukan kewaye ya ƙi zuwa ba, shi kuma bai taɓa kiran tasa ba ko sau ɗaya. In an yi mashi magana sai ya ce yana ajiye ta ne sai ranar da ƙarfi ya ƙare.

Shi wannan Alhaji mutumin wajen Ƙanƙara ne. Ya je ƙasar Turawa ya ga irin gidajen sarakunansu na dā, na dutse, masu hasumiya da dogayen ganuwa, ya dawo ya ce sai ya gina nasa. Ya kuwa gina, a kan wani fā, wato shimfiɗaɗɗen dutse, kusa da hanyar Sheme, tafiyar da ba ta da nisa daga garinmu. Ɗakunan kwana ba su ƙirguwa, ga injin wuta, ga ruwan famfo har sama. Da auren babban ɗansa ya tashi, sai ya ce ba a Kaduna za a yi ba, ba kuma a Kano garin amarya ba, a can gidan dutse za a kwashe baƙi kaf a kai su, Juma'a zuwa Lahadi, a ci a sha a kwana. Tsakiyar damina ce, an ce baƙi su ga ƙasar tana kore. Aka buga takarda mai ɗauke da abin da za a yi kowace rana: hawan dutse, kallon dambe, zagaya kasuwar Sheme, farautar zabi, walima. Ni aka ɗora wa kula da wannan duka, saboda ni ɗan ƙasa ne kuma ina jin Turanci.

Safiyar Asabar ce kawai ba a sa komai ba. Ango ya ce ya sha ba abokansa na makaranta labarin gangar noma, yadda maza ke jeruwa da galma makaɗa na zuga su, yana so su gani da idonsu. Ya tambaye ni ko zai yiwu. Ni kuwa, uban iyawa, na bugi ƙirji na ce ai wannan a garinmu kamar shan ruwa ne. Da na je gida na ɗan taɓa zancen a majalisar samari, dariya aka yi mani har da riƙe ciki. Suka ce wane mahaukaci ne zai bar gonarsa ana tsakiyar maimai, ciyawa na tsiro kamar ana jan ta, ya je ya yi wa 'yan birni rawa da galma? Ko nawa za a biya, suka ce, ba su ba wannan. Da ina da hankali da a nan na tsaya. Amma na riga na yi alkawari a gaban maigida, kuma a lokacin gani nake mutuwa ta fi a ce na kasa.

Sai Shaiɗan ya nuna mani ƙofa. A makon nan mahaifina ba ya gari, ya tafi Sabuwa ta'aziyyar mijin ƙanwarsa, kuma an ce sai Lahadi zai dawo. Kowa ya san bayansa ya fara damunsa tun bara. Na sayi ƙwaryar goro na nufi gidan sarkin noma, dattijon da ya yi wasan ƙasa da mahaifina, na durƙusa na ce Baba ne ya aiko ni. Na ce bayan ya matsa mashi, ga wata gonar masara da aka ba shi aro a gindin dutse ciyawa na neman cinye ta, shi ya sa yake roƙon jama'a gayya ranar Asabar. Gonar kuwa ta Alhaji ce. Sarkin noma ya ce ashe ranar ta zo. Ya ce in tashi in tafi, ko mutum ɗaya ba zai kwana da wannan labari bai shirya ba. Wallahi na ga idonsa ya kawo ruwa, ni kuwa abin da ke raina shi ne aiki ya yi kyau.

Ranar Asabar da sassafe na tura babbar motar kamfani ta kwaso su. Sai da ta yi sawu biyu. Ba garinmu kaɗai ba, har daga ƙauyukan kewaye, dattawan da suka daɗe da barin gayya sun fito da galmunansu, don an ce Malam ne ya kira, haka suke kiran mahaifina. A hanya suna ta sa mani albarka, wai ɗa na gari ya nemo wa ubansa mota. Da suka sauka suka ga rumfuna a bakin gona, an jera kujeru, ga manyan mutane da matansu daga Ikko da Kano, ga Turawa da na'urar ɗaukar hoto, sai suka ɗan tsaya suna kallon juna. Na yi maza na ce ai baƙin biki ne suka fito shan iska. Sarkin noma ya tambayi ina Malam, na ce yana tafe. Makaɗa suka saki ganga, maza suka jeru suka duƙa.

Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba, kuma ba zan sake gani ba. Ƙasa na tashi, kirari na tashi, tsofaffi na tsere da samari, kowa na son ya biya mahaifina abin da ya yi mashi. Ni kuma ina tsaye a inuwa da lasifika a hannu, ina yi wa baƙi bayani da Turanci, ina nuna mutanen da suka goya ni da yatsa ina cewa ga yadda manoman karkara ke yi. Baƙi suka fara caca a kan wanda zai riga kai ƙarshen gona. Wani mai kwat ya karɓi galmar wani dattijo don a ɗauke shi hoto, ya sare masara uku, aka bushe da dariya. Sai wani babban mutum ya taso da damin sababbin kuɗi ya shiga gona yana liƙa wa maza a goshi kamar 'yan rawa. Da ya liƙa wa sarkin noma, tsohon ya miƙe, ya ɓamɓare takardar daga zufarsa, ya ajiye ta a ƙasa ya danne da hoge. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. Ya kira ni da sunan da ake kirana ina yaro, ya tambaye ni gonar wa suke nomawa. Na shiga waige-waige ina neman ƙaryar da zan yi.

Ina cikin wannan hali sai ga mahaifina a kan keken aro. Ashe ya dawo da hantsi ya tarar da gari babu maza, mata na yi mashi sannu da jiki suna cewa Allah ya sa gayya ta yi albarka. Ya jingine keken, ya dubi rumfuna, ya dubi kuɗin da ke warwatse a gona, ya dubi lasifikar da ke hannuna. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan keke, ya karɓi galma a hannun wani, ya juya ga sarkin noma ya ce, "Gayyata ce. Ni na kira. Ku yi haƙuri na makara." Babu wanda bai san ba haka ba ne. Amma tunda ya faɗa, ganga ta ci gaba, shi ma ya duƙa da wannan bayan nasa, suka nome gonar Alhaji tas. Da aka gama aka fito da shinkafa da kaji, ko kallonsu ba su yi ba. Motar ma suka ƙi shiga, suka saɓa galmunansu suka bi hanya a ƙasa, mahaifina a tsakiyarsu yana tura keke. Baƙi suka yi ta tafi. Ango ya rungume ni ya ce duk cikin shagalin babu abin da ya kai wannan, Alhaji kuma ya ƙara mani girma a wurin aiki. Na ci kajin nan, Edita. Ban ɓoye maka ba, na ci.

Sai Litinin na iya shiga gida, da turamen atamfa da kuɗi a aljihu, ina jiran faɗa. Da ma ya zage ni, da ma ya ɗaga hannu ya mare ni. Na same shi yana wasa galma, ya amsa gaisuwata kamar kullum. Da na fara kame-kame sai ya ce kowane mutum da ya je gonar nan ya bar tasa gonar yini guda saboda shi, don haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya mayar masu da yininsu. Na ce ai sai in ɗauki 'yan ƙwadago su yi. Ya dube ni ya ce, "Su 'yan ƙwadago suka aiko? Da ƙafarsu suka zo, da sunana suka zo."

Haka ya yi. Kullum da asuba ya saɓa galma ya nufi gonar wani. Mutane suka roƙe shi, sarkin noma ya zo har gida ya ce an yafe, ya bari, ya ƙi. Da suka ce to bari su taru su nome mashi tasa, ya ce gayyarsa ɗaya ce a duniya kuma an riga an ci ta. Na bi shi rana ɗaya don in rage kunya. Kafin rana ta take hannuwana sun yi bororo sun fashe, ina haki kamar tsohon jaki. Mai gonar ya zo ya zare galmar daga hannuna a hankali, ya ce Malam akawu ya koma inuwa ya yi masu bayani da Turanci, ai nan ya fi gwaninta. Babu wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi mani ciwo. Washegari na ce hutuna ya ƙare, na hau mota na gudu Kaduna. Na bar tsoho yana biyan abin da ni na ci.

Damina ta ƙare yana gonakin mutane, tasa kuwa ciyawa ta shaƙe dawar. A shekarar nan aka fara auno hatsi a gidanmu, mahaifiyata na aikawa kasuwar Sheme a ɓoye don kada maƙwabta su gani. Abin da nake aikowa ita ke karɓa, shi bai taɓa tambayar daga ina ba. Kafin kaka bayan ya kwantar da shi, aka kai shi wurin masu magani har Pauwa, ya tashi amma a tanƙware. Bai sake riƙe galma ba har ya bar duniya. Da ciwon ajali ya kama shi na durƙusa na nemi gafara, ya ce shi ya yafe tun a bakin gonar, amma in je in nemi ta mutanen da na yi wa ƙarya. Na ce to. Kullum ina cewa sai na samu lokaci, alhali kunya ce ke hana ni, har sarkin noma ya rasu, saura suka bi shi ɗaya ɗaya.

Bana na ji saura mutum ɗaya cikin dattawan ranar, ya tsufa tukuf, ido ya tafi. Na daure na je na zauna a gabansa na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Mu ai mun yafe tun da muka ga Malam ya tuɓe riga. Yini ɗaya ka ci mana, kuma an biya mu. Bayan ubanka fa, wa zai biya shi?"

Abin da na koya, na koye shi a makare. Mutuncin da iyaye suka tara ba a rana ɗaya suka tara shi ba, da zufa da haƙuri suka haɗa shi, kuma ɗa ɗaya marar tunani na iya kashe shi kafin azahar. Ku matasa da kuke aiki a gindin masu kuɗi, kuna rawar jiki a bukukuwansu don a ce kun iya, ku ji tsoron Allah. Kada ku mai da mutanenku abin kallo don baƙo ya yi tafi, kada ku ari sunan mahaifi ku je ku yi ƙarya da shi. In kuwa kun riga kun yi, ku je ku durƙusa yau, tun waɗanda kuka ɓata wa rai suna da kunnen ji. Baƙin da suka tafa mani ko sunana ba su riƙe ba zuwa Lahadi. Mahaifina kuwa ya yi sauran rayuwarsa yana sallah a zaune.