Baƙar Motar Gezim da Ɓauren Tsakar Gida

Duk wanda ya san Gezim Kapllani kafin ya sayi motar nan zai gaya maka mutum ne mai sanyin hali. Shekaru ya kwashe a ƙasar Girka yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane. Ya tafi da baƙin gashi, ya dawo garinmu Berat da furfura da ciwon gwiwa, amma bai dawo da zafin rai ba. Idan ka taka shi a kasuwa, shi ne zai riga ka cewa yi haƙuri. Burinsa ɗaya ne tun yana durƙushe a banɗakin wasu da siminti a hannu: ya mallaki mota sabuwa dal, ya riƙa ɗaukar amare da ita ranar biki, sauran ranaku kuma ya riƙa kai mutane filin jirgi. Mu nan kowa tsohuwa yake saye, wadda wani Bajamushe ya hau har ya gaji. Gezim ya ce shi ya gama cin ragowar mutane.

Matarsa Mimoza ta so a sayi fara.

"Baban Elira, fara ba ta tona asiri," in ji ta. "Ka dubi ƙurar hanyar nan tamu mana."

"Wace uwar amarya ce za ta ba ni 'yarta in sa a farar mota kamar za a kai ta asibiti? Baƙa ake nema."

Gaskiya ya faɗa, baƙa ake nema a wajenmu. Ranar da ya shigo da ita unguwa daga Tirana babban birni, baƙa wuluk tana ɗaukar ido, har masu shan gahawa a bakin hanya sai da suka miƙe. Aka yi ta zuwa taya murna. Kowa ya zo sai ya dafa ta da tafin hannu ya ce Allah ya sa a kashe lafiya, ya jefa 'yan sulalla a ciki kamar yadda aka saba. Mahaifiyarsa, Inna Sabrije, ta rataya tafarnuwa a madubi saboda kambun baka. Kafin la'asar babu hannun da bai fito raɗau a jikin fentin ba, har da na wanda ya gama cin birek, gurasar nan tamu mai mai, bai wanke maiƙo ba. Gezim ya yi dariya, ya ɗauko bokiti ya wanke ta. Ina jin wannan ce dariya ta ƙarshe da ya yi a kan motar.

Ni ban san wanda ya fara cewa baƙar mota ta fi kowace kyau ba, amma da ya ƙarasa maganarsa da ya taimaki jama'a. Kyanta bai wuce tsawon shan gahawa ɗaya bayan an wanke ta ba. Babur ya gifta, ta yi fari. Yayyafi ya sauka, ta yi ɗigo-ɗigo. Kyanwa ta bi ta kai, sai ka ƙirga yatsunta. Ka ce bari ka share da tsumma, ka jawo wa kanka wani sabon zane.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar tana tsakar gida.

Gidan su Gezim irin namu ne na gefen tudu, tsakar gidan ɗan tsukuku. Wuri ɗaya tak mota za ta iya tsayawa bayan an rufe ƙofa, kuma a kan wurin nan ɓaure ya baza rassansa. Marigayi mahaifin Gezim ne ya dasa shi shekarar da aka kawo Sabrije gidan tana amarya. A gindinsa take wuni kan wani tsohon benci. Nan matan unguwa suke iske ta da hantsi su sha gahawa su yi gulmar surukai. Da bazara tana tsinkar ɗanye ta dafa a sukari ta yi gliko, kayan zaƙin tarbar baƙi, da rani kuma ta shanya nunannu a kan rufi. Cikin jikokinta mazauna Italiya babu wanda ya taɓa komawa ba tare da ƙullin busasshen ɓauren nan a jakarsa ba.

To shi ɓaure bai san wata sabuwar mota ba. Ganye ya karye, ya ɗigo da farin ruwan nan nasa mai danƙo. 'Ya'ya su nuna, su faɗo su fashe a kan rufin mota, rina su taru. Tsuntsaye su ci su ƙoshi, kuma ba sa zuwa ko'ina su sauke, sai nan. Kashin tsuntsun da ya ci ɓaure kuwa, in ya wuni a kan baƙin fenti, ko ka wanke sai ka ga gurbinsa.

Gezim ya koma bawan mota. Kafin ya karya kumallo yana waje da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, da wasu tsummoki masu laushi da ya hana kowa taɓawa. Mutumin da likita ya ce ya daina durƙuso, ga shi kullum a durƙushe yana leƙen ƙofar mota ta gefe da ido ɗaya a rufe. Maƙwabcinsu Ramiz, dattijon da ya yi ritaya daga aikin daji, yana leƙowa ta katanga.

"Direban amare, an tashi lafiya? Ya mai jiki?"

"Baba Ramiz, don Allah ka bar ni da abin da ke damuna."

"A'a, gaisuwa na yi. Na ga jiya har da shafa mata mai. Ita Mimoza yaushe rabon da ka saya mata na fuska?"

Ya gwada tampol. Iska ta yi ta kaɗa shi a jikin motar da ƙura a ƙarƙashi, da ya yaye sai ya tarar gefen ya yi dishi-dishi, an gudu ba a tsira ba. Ya gwada barin ta a waje, yaran makaranta suka rubuta sunan ƙungiyar ƙwallonsu da yatsa a ƙurar ƙofa. Ya koma Tirana wurin da ya saye ta, ransa a ɓace, ya ce fentin nan ba shi da kauri, ko farce ya gifta sai ya kwanta. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya zagaya motar hannunsa a aljihu.

"Kawu, fentin yanzu ba irin na da ba ne, kuma baƙi haka yake. Wannan ba laifin kamfani ba ne. A ina kake ajiye ta?"

"A gidana."

"Ƙarƙashin bishiya?"

Gezim ya kawar da kai. Saurayin ya ɗaga kafaɗa, ya koma cikin sanyin ofishinsa.

Daga ranar ne ya samo wata magana da ta zame masa kamar gaisuwar safe. Da ya fito ya ga abin da dare ya bari a kan motar, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wallahi sai na sare bishiyar nan." Ba da gaske yake ba. Mimoza ta sani, Ramiz ya sani. Gezim da ya koyi tafiya yana dafa gindin ɓauren nan, ina shi ina ɗaga masa gatari? Haushi ne kawai yake neman inda zai sauke, ita kuwa bishiya ba ta ramawa. Sai dai Inna Sabrije tana zaune a kan bencinta tana ji, kullum, kuma tana ganin yadda ɗanta ya rame ya daina zama cin abinci da mutane.

Wata Lahadi a tsakiyar rani aka ɗauke shi bikin 'yar wani mai gidan abinci, babban biki, irin wanda ake samun wasu bukukuwan daga gare shi. Ya wanke motar, ya goge, ya ɗaura furanni. Ya shiga ɗaki ya sa kwat. Kafin ya fito, wani ƙaton ɓaure ya faɗo a bonet ya tarwatse, tsuntsu kuma ya ƙara nasa a kan ƙofar da amarya za ta shiga. Lokaci ya ƙure. Ya share da sauri da hankici, abin ya dame ya bar wani shafe mai faɗin tafin hannu. A ƙofar gidan amarya, ana kiɗa ana watsa shinkafa, kawun amarya ya sunkuya ya kankare wurin da farce, ya shinshina, ya ce da ƙarfi, "Kai direba, daga gona ka biyo ne? Da ka taho mana da kwando guda." Aka kwashe da dariya har da masu ɗaukar hoto.

Gezim ya kai amarya lafiya. Da ya dawo gida ya tarar da mata huɗu a gindin ɓaure suna shan gahawa da Inna. Bai gaishe su ba. Ya yi ƙwallo da bokiti har ya bugi katanga.

"Na gaji. Rabin rayuwata na yi a durƙushe a gidan wasu don in tsaya da ƙafata a garinmu, yau an mai da ni abin dariya saboda itace. Gidan nan ko ni ko bishiyar nan."

Matan suka ajiye kofunansu, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Inna Sabrije ta dube shi ta ce, "Ka ci abinci kuwa, ɗan nan?" Ya shige ɗaki ya bar ta.

Kunya ta hana shi ba ta haƙuri da safe. Ya ce a ransa in ya dawo zai yi. Yana da tafiya Saranda, zai kai wasu iyali bakin teku ya kwana ya dawo da wasu. Mimoza kuma ta tafi wurin aikinta na ɗinkin takalma.

Washegari da azahar ya shawo kwanar layinsu, sai ya ga gidan ya yi wani iri. Haske ya yi yawa. Yana iya hango tagar ɗakin Inna daga hanya, abin da bai taɓa yiwuwa ba. Ya tsayar da motar a waje, ya tura ƙofa. Rassan suna jibge a jikin katanga, ganyen ya fara yaushi. Kututturen yana nan iya gwiwa, yana ta tsatsafo da farin ruwa. Ramiz na zaune a kan katangarsa, bai yi wata zolaya ba.

"Baba Ramiz, wa ya sa ka?"

"Kar ka dube ni haka. Na ƙi, na sake ƙi. Ta shiga ta ɗauko gatarin babanka ta fara sara da kanta, tsohuwar da ba ta iya ɗaga tukunya. Me kake so in yi, in tsaya kallo ta yanke ƙafa? Na kawo injin yankan itace."

Inna Sabrije ta fito daga kicin da tsintsiya a hannu. Ta share wurin tas, babu ganye ko ɗaya a ƙasa.

"Inna, me ya sa? Ni fa magana ce kawai nake yi."

"Magana ce kullum, Gezim. Ni kuma kunne gare ni." Ta jingine tsintsiyar. "Babanka ya dasa ne don 'ya'yansa su ji daɗi, ba don su rame ba. Na ci rabona. Shigo da ita mana, ka bar ta a titi yara za su taɓa."

Baƙin ciki da jin kunya suka rufe shi, ga haushin kansa da bai san inda zai kai ba. Ya juya ya shigo da motar, ya tsayar da ita a filin da aka share masa.

Da ya fito ya dube ta, sai ya ga abin da inuwa ta daɗe tana rufa masa. A tsakiyar rana, babu ganye ko ɗaya a sama, fentin gaba ɗaya zane ne sirara-sirara masu zagaye, daga bonet har but, sawun hannunsa na kowace safiya. Ya kai yatsa, ƙarfen ya ƙone shi. Ya watsa ruwa, kafin ya ɗauko tsumma ruwan ya bushe ya bar farin tabo.

Haka ake ciki har yau. Bencin ya koma ɗaki, don babu mai iya zama a tsakar gidan nan da rana. Matan unguwa sun koma shan gahawa a gidan wata, can ƙasan layi, inda ƙafar Inna ba ta iya kai ta. Rufin motar ya fara dusashewa, Gezim ya sani, kowa ma ya sani. Ramiz ya yi masa tayin rumfar inabinsa, ya ce wuri ne a banza tunda shi ba shi da mota. Mimoza ta sa baki.

"Baban Elira, ka karɓa mana. Rana tana cinye fentin nan kana gani."

"Ina gani."

"To me ya hana?"

Ya nuna tagar da haɓarsa. Inna Sabrije na zaune a ciki, ta ɗage labule, tana jira ta ga ya shigo da motar wurin da ta yi masa.

"Buɗe min ƙofar kawai," in ji shi.