Baba Sabo da jirginsa Avenger

Da safen nan ina cikin bas za mu shiga Jebel Ali, nan Dubai, Anti Rakiya ta kira ni daga Kano. Ban gama gaishe ta ba ta ce min maigidanta, Baba Sabo, ya rasu bayan asuba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na rasa inda zan nufa.

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Karama ya san shi. Injiniya ne, yana gyaran injinan ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa. Flat ɗinsa na saman nawa.

Da na zo Dubai ban san kowa ba. A lif ya ji ina waya da Hausa, ya tambaye ni ɗan wane gari ne. Ranar a gidansa na ci tuwo da miyar kuka.

Lokacin da mahaifina ya rasu ban samu hutun zuwa gida ba. Shi ya tara mutane a falonsa aka yi addu'a, ya zauna kusa da ni yana amsa gaisuwa kamar ƙanin babana.

Falon nan kuwa cike yake da ƙananan jiragen saman yaƙi na wasa da ya haɗa da hannunsa. Kakansa tsohon soja ne da ya je yaƙin Boma, shi ya fara ba shi labarin jiragen Japan. Daga nan ya bi karatun yaƙin da aka yi a tekun Pasifik, bai sake dainawa ba. Akwai Zero na Japanawa rataye a silin, akwai Hellcat na Amurkawa a kan firij. Anti Rakiya kullum tana mita wai har kicin ɗinta an kai yaƙi.

Amma Avenger ne ɗan gatansa. Jirgi ne mai ƙaton ciki, mutum uku ke shiga, yana ɗauke da torpedo, bom ɗin da ke bin ƙarƙashin ruwa ya fasa jirgin ruwa. Ya ce min dole matuƙin ya sauko kusa da ruwa, ya miƙe sak ana ta harbin sa, ba damar kaucewa sai ya saki bom ɗin.

Na taɓa tsokanar sa na ce ashe Baba yana son yaƙi. Ya ce, "Matuƙan nan yara ne fa sa'anninka, na nan da na can. Kowanne uwarsa na jiran sa a gida."

Burinsa shi ne ya haɗa babban Avenger mai tashi da rimot. Ya yi nisa, saura fiffike ɗaya, sai hannunsa ya fara rawa. Likita ya ce ciwon ba mai warkewa ba ne. Aiki ya tsaya, kuma kun san nan, in aiki ya tsaya visa ma ta kusa ƙarewa. Anti Rakiya ce ta faɗa min ya tura jirgin bayan kujera, ba ya son ko a yi maganarsa.

Na hau sama na ce ya koya min, ni in zama hannunsa. Da farko ya ƙi. Daga baya ya miƙo min gam.

Wahalar da na sha! Yana tsaye a kaina, kullum yana ce min shwaiya shwaiya, wato a hankali. In na shafa fenti ya karkace sai na kankare na sake.

Asabar ɗin ƙarshe kafin su koma gida muka kai jirgin filin da masu irin wannan wasa ke haɗuwa a bayan gari. Na roƙi Baba a ba wani gwani ya tuƙa, don ni koyona bai yi nisa ba, kuma in na fasa shi babu lokacin gyara. Ya ce wanda ya ƙarasa fiffiken shi zai tashe shi.

Jirgin ya yi gudu a ƙasa, ya ɗaga. Ya yi zagaye a kan yashi, rana na haska shuɗin fentinsa. Na saci kallon Baba, na ga ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Wajen sauka na karya masa taya ɗaya. Kunya ta kama ni. Shi kuwa ya yi ta dariya har da tari, ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗana. Na gan shi a sama da idona."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙan Baba Sabo, Ya yafe masa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Anti Rakiya da yara haƙuri.

Don Allah, in ka karanta, ko ba ka san shi ba, ka sa shi a addu'arka ta yau.