Audugar da Baba Ya Ƙi

Ranar da aka ce mu kawo Baba a yi masa amaliyya, wato tiyata, wallahi har guɗa na rangaɗa a ƙofar mustashfa, asibiti ke nan. Ya daɗe yana fama da gwaiwa, tun wani buhun dawa da ya cicciɓa a gonakin Simsim, kuma sau biyu layi yana zuwa kanmu yana kuɓucewa. Na biyun ma aikin ƙanwarsa ne. Ta ga yana lasar leɓe ta miƙa masa kofin karkade, wato zoɓo, ya sha, daktor ya ce sai wani jiƙon. Ga Gadarif ta cika maƙil da mutanen Khartum da Jazira masu gudun yaƙi, in layi ya wuce ka sai ka manta da shi. Na rantse wannan karon ko ɗigo ba zai wuce maƙogwaronsa ba.

An ce kada ya ci kada ya sha, da hantsi za a shiga da shi. Ina ta rawar jiki, in gyara masa matashi in sake gyarawa, ina ba shi labarin yadda zai koma yankan riɗi ya bar samari a baya. Hantsi ya wuce. Aka kawo wata mai naƙuda aka shige da ita gabanmu. Rana ta take, fanka kuwa zafi kawai take rabawa.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "kurɓi ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Baba."

Leɓensa duk ya tsage, magana ma da ƙyar take fita. Tausayi ya kama ni. Na ruga wurin mai jinya, wata doguwa 'yar Madani, na gaya mata. Ta taho da auduga da ruwan sanyi a ɗan kofi, ta tsoma, ta matse, ta nufi bakinsa.

Baba ya zabura zaune. "La'ilaha illallahu! Uwata, ashe abin ya kai nan kika ɓoye mini?"

A wurinmu ba a kai wa mutum jiƙaƙƙiyar auduga baki sai yana gargara. Shi da hannunsa ya yi wa kakata haka ranar da ta cika. Sai ga shi yana laluben takalmi da ƙafa, wai in tafiyar ce a ɗakinsa zai yi ta. Gabana ya faɗi, don na san in ya taka ƙofar nan shi ke nan.

Na fassara wa mai jinyar da Larabci. Ta dafe ƙirji. "Ya Hajj, wallahi lafiyarka lau, kowa haka muke yi masa!" Ina! Ko kallonta bai yi ba.

Ana cikin haka aka kira azahar. Na ce mata, "In ya kurkure baki ya zubar fa?"

"Muddin ba zai haɗiye ba."

Na ce, "Haɗiye? Tun ba a haife ki ba yake alwala da azumi a bakinsa!"

Na janyo tasa da buta. "Baba, bar zancen auduga. Alwala za ka yi."

Wannan kam bai musa ba. Ya kurkure sau uku ya tofar, ya shaƙa, ya wanke fuska, ya shafi kai. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai kuma ya ce yana shakka, kamar ya tsallake wani wuri. Ya sake. Kai, sai da tsohon nan ya yi alwala huɗu! Ina dariya ina zuba masa, idona ƙur a kan maƙoshinsa.

Ya idar da salla a zaune ke nan aka kira sunansa. Na yi tsalle har buta ta kife. Daktor ya tambaye shi ko ya sha wani abu.

"Tambayi wannan askar ɗin, sojar da ke gadina," in ji Baba, yana nuna ni. "Ko ɗigo ba ta bari ba."

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe a bayansa. Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, sai na ji harshena ya manne. Ashe ni ma tun jiya ban sha komai ba, na kasa sha yana kallona. Wata mata ta miƙo mini kofinta, na riƙe da hannu biyu ina sha ina kuka.